Mato Na-Gani da Tsohon da Ya Ƙi Mutuwa

Ku da kuka zauna da Mato kun san ɗan yatsan nan nasa. In ka kawo masa labari zai bari ka gama tsaf, ba zai katse ka ba. Sannan ya ɗaga yatsa ya ja fatar ƙasan idonsa har ka ga jan ciki, ya leƙo ka ya ce, "Ka gani?" In ka ce, "A'a, an dai ce," to shi ke nan, ka ɓata yawunka. Sai ya ci gaba da ɓare goronsa kamar ba ka wurin. Daga nan aka laƙaba masa Na-Gani, har sunan ya bi jikokinsa, ga su nan zaune suna sunkuyar da kai.

Ni taubashinsa ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, saboda haka ina da izinin faɗin abin da ku ba za ku iya ba. Tun muna yara nake kiransa bawana, yadda taubasai kan yi. Bai taɓa ramawa ba. Sai dai ya ja idon nan ya ce, "Lawali, ka ga ranar da aka sayo ni?"

Gaisuwa ma da shi aiki ce. Ka ce, "Mato, yaya mutanen gida?" Ya ce, "Da na fito dai lafiya lau. Yanzu kuma ban sani ba." Akwai ranar da wani dattijo ya zo binciken aure a kan yaron maƙwabcinsa, yaro mai hankali wanda duk unguwa ke yabo. Dattijon ya ce, "Malam Mato, yaron nan na kirki ne?"

Mato ya ce, "Da rana dai ban ga aibinsa ba."

"Da dare fa?"

"Da dare barci nake."

Wallahi sai da muka yi ta zarya kafin a ɗaura auren nan!

Amma fa halin nan shi ya ciyar da shi. A zamanin Nasara, in Bafulatani ya kawo sa karar Magarya, wato kasuwar shanu, ga mai saye ya ƙetaro iyaka daga ƙasar Ingilishi, nan kudu da mu, ba wanda ya san wani, to Mato ake kira. Ya zagaya san, ya duba kunne da ƙaho, ya ga an sa hannu, ya ce, "Na gani." Ciniki ya faɗa ke nan. In daga baya rigima ta tashi, ko gaban alƙali ko gaban kumandan, Baturen mulki, da zarar an ce Mato ya gani sai kowa ya kaɗe rigarsa. Ɗan abin da ake ba shi da shi yake cika rumbu, don gonarsa ta Kwaya ba ta kai shi damina. Gona ɗaya, jaki ɗaya, sai kalmar nan tasa. Iyakar dukiyarsa ke nan.

To, wata shekara ya raka garke Damagaram, don mai sayen ya ce ba zai karɓa ba sai Mato ya tsaya. Can wani abokin ciniki ya ja shi gidan silima, ya biya masa. In da daga aljihunsa ne, da har ya mutu bai leƙa ba. Ya dawo mana da labarin da ya yi shekara da shekaru yana bayarwa a gindin tsamiyar kara, kuma ko sau ɗaya ban ji ya sauya kalma ba.

Labarin kaboyi ne, makiyayan Turawan nan masu faffaɗar malafa. Wani baƙo ya shigo gari a kan baƙin doki. Garin rijiya ɗaya gare shi, ta wani tsoho siriri mai ɗingishi, wanda ke barin kowa ya sha. Wani mai shanu da yawa ya so ya mallake ta shi kaɗai, ya turo yaransa suka harbe tsohon a bakin rijiyar. Mutanen gari suka tsorata, kowa ya kulle ƙofarsa. Baƙon nan shi kaɗai ya haƙa kabari ya binne tsohon, sannan ya bi azzaluman ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, wata mace ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, shi kuwa ya hau dokinsa ya fita gari bai waiwayo ba.

Harbe-harben ba su dami Mato ba. Binnewar ce ta tsaya masa a rai. In ya zo wurin sai muryarsa ta sauka. "Mutum ya shayar da gari guda, a ce babu mai bin gawarsa? Ni dai na miƙe tsaye. Na baya suna ta 'Zauna! Zauna!' Na ce ba na zama sai an rufe shi. Mu biyu muka yi masa rakiya, ni da baƙon."

Na taɓa ce masa, "Bawana, kai ka ɗauka da gaske aka kashe mutumin?"

Ya ce, "Ban ce da gaske ne ba, ban ce wasa ne ba. Na ce na gani."

Ana nan, ana nan, wata kakar gyaɗa sai ga kamyo, babbar motar kaya, ta shigo Magarya da silimar yawo. Mai injin wani saurayi ne ɗan Damagaram mai tabarau. Ya sa mai shela ya zaga kasuwa, wai yau za a ga baƙon da ya ƙwato rijiya daga hannun azzalumai. Kafin la'asar gari ya ɗauka: labarin Mato ya zo da ƙafarsa! Har tsofaffin da suka rantse ba sa kallon hoto suka ɗauko tabarmi. Mato ya saka rigar sallarsa, wadda ni na ɗinka, ya biya kuɗin shiga da hannunsa, abin da ya sa wasu suka yi salati. Aka ba shi wuri a gaba, ni ina gefensa.

An rataya farin ƙyalle a bangon mangaza, ma'ajiyar gyaɗa. Da aka idar da isha'i mai inji ya kunna, sai jama'a suka ɗauki "Kai! Kai!" Sama shuɗiya, ciyawa koriya, kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Mato ya matso kunnena ya ce, "Wancan babu launi." Na ce ya yi shiru.

Sai ga baƙo. Dokinsa fari tas. Mato ya gyara zama. Baƙon kuma yana tafe yana waƙa, sanye da jar riga mai gidan dara. Mato ya ce, "Wancan bai yi waƙa ba. Da ƙyar ma yake magana." Sai ga tsohon mai rijiya, ƙato mai tumbi da gemu, yana shigowa ya faɗa komin shayar da dabbobi, yara suka bushe da dariya. Na saci kallon taubashina, na ga ya daina tauna goro.

Da aka zo wurin harbin, tsoho ya faɗi a bakin rijiya, sai Mato ya miƙe tsaye, ya haɗa hannu a ƙirji, yana jiran rakiya. Wuri ya yi tsit, don kowa ya san abin da ke tafe. Sai tsohon ya buɗe ido ɗaya. Ya sa hannu cikin riga ya zaro kwanon cin abincinsa, ga harsashi maƙale a jiki. Ya tashi zaune ya nemi a ba shi abinci!

Fili ya kaure da shewa. Mato yana tsaye, inuwarsa ta rufe rabin ƙyallen, yana ɗaga murya: "Ba shi ba ne! Jama'a, ba shi ba ne! Wannan tsohon a gabana aka binne shi!" Na baya suna ta "Zauna, Mato!" A ƙarshe baƙon bai tafi ko'ina ba. Auren matar ya yi, tsohon kuma ya kwashi rawa da tumbinsa.

Washegari rumfata ta cika, don a rumfar tela ake yanke wa komai hukunci. Samari suka ce launi da waƙa sun biya su. Wani mahauci ya ce shi naushin da aka yi wa babban azzalumin ya ishe shi. Baraka, matar Mato, ta kawo zane a kalmashe masa baki, ta ce, "Ni gara wannan. Wancan na Malam, an bar mace tsaye a ƙofa, har yau ban ji wanda ya ci da ita ba." Ni kuwa, in kun tambaye ni, rigar nan ce ta tafi da hankalina. Aljihu biyu masu murfi, kafaɗa mai ninki! Kafin kaka ta wuce rabin samarin Magarya sun saka irinta daga kan kekena, kuma har gobe ina cewa sabon ya fi ɗinki.

Ana cikin haka wani matashin dillali ya ce, "Ashe Baba Mato ma yana ƙara gishiri. Shekara nawa yana binne mana mutumin da ke da ransa!" Aka kwashe da dariya. Ba mu lura ba, ashe Mato na tsaye a bakin rumfa. Ko idon nan bai ja ba. Ya juya ya tafi.

Ranar kasuwa wani ardo ya kawo bijimi, mai saye ya zo daga Ingilishi, aka aika a kira Mato. Yana zaune gindin tsamiya ya ce ba ya zuwa. Sarkin kara ya taka da kansa.

"Mato, lafiya?"

"Ni na ce ya mutu. Gari guda ya ga ya tashi ya ci abinci. In kai ne alƙali, za ka karɓi shaidar mutum ɗaya a kan ta gari?"

"Haba Mato, wasan Nasara ne fa!"

"Da idon da na ga wasan nake ganin shanunku. Shaida sai biyu. In ban samo wanda ya ga abin da na gani ba, kada a ƙara kirana."

Kun ji mutum! Ba wanda ya tube shi, shi ya tube kansa. Ranar ciniki da yawa ya watse, ardon nan ya koma da bijiminsa. A gidan Mato kuwa hatsin gona ne kawai a rumbu, kuma kowa ya san inda zai ƙare.

Na ja shi wurin mai inji, ina ganin magana za ta mutu a nan. Saurayin yana nannaɗe waya ya ce, "Ai Baba gaskiyarka ce. Akwai na da, marar launi. Turawa kan ɗauki tsohon labari su sake yin sa da sababbin mutane."

Mato ya ce, "Don me? Na farkon ya lalace ne?"

"A'a, don a sake kallo."

"To wanda aka binne fa, an nemi izinin danginsa?"

Mai inji ya yi dariya ya ce, "Ni dai na tabbata akwai shi."

Na ce alhamdu lillahi, ga shaida na biyu. Sai na ga yatsa yana tashi. "Ka gani?"

"A'a Baba, lokacin ina ƙarami. Maigidana ne ya faɗa mini."

Mato ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro. Ba ka yi mini amfani ba."

Kamar in shaƙe shi!

Da kamyo ta ɗaga zuwa Dungas, Baraka ta faɗo rumfata ko sallama babu. "Lawali, ɗan'uwanka ya ɗaura wa jaki kaya. Wai zai bi silima gari gari har ya sami wanda ya ga na farko. Ka bi shi, kada ya dawo mana mahaukaci tuburan." Na kulle rumfa a tsakiyar kaka, lokacin da tela ke samun na shekara, ina tafe ina mita. Amma kada in yi muku ƙarya, ni ma ina son in san ko akwai wani mahalukin da ya ga tsohon nan ya mutu. Bin motar bai yi wuya ba. Takan yada zango a kowane gari sai ta ci kasuwarsa, in ta tashi kuma yashi ya kama ta, har mukan wuce ta a kan jakunanmu mu yi wa mai inji sannu.

A Dungas babu bango mai kyau, sai aka ɗaure ƙyallen tsakanin itatuwa biyu. Mato ya ce shi ba zai biya sau biyu a kan abin da bai yarda da shi ba, ya zagaya bayan ƙyallen inda 'yan kallon banza ke zama, don hoton yana fitowa ta can ma. Ni na biya na zauna a gaba, saboda ina son in ƙara duba yadda aka kafa wuyan rigar. Can sai ga shi ya zo yana haki, ya kama hannuna.

"Lawali, sun sake canzawa!"

"Me kuma?"

"Baƙon ya zama bahago. Da hagu yake harbi. A Magarya da dama ya yi, ni na gani."

Na nuna masa ƙyalle na ce, "Ga shi nan da dama." Ya tsaya ya duba. Ya ruga baya. Ya dawo. Ya sake komawa. Haka ya yi ta kai da kawowa har mai karɓar kuɗi ya gaji ya ƙyale shi. Da aka tashi ya zauna a kan tushen itace, ya daɗe yana kallon ƙyallen nan fari fat, sannan ya ce, "Ikon Allah. Na gaba ya rantse da dama, na baya ya rantse da hagu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu." Na ce to mu koma gida mana. Ya ce, "Hannu daban, mutuwa daban. Ta kowane gefe na duba, tsohon tashi ya yi."

Ya zama duk inda aka gama kallo sai ya miƙe ya ce, "Salamu alaikum jama'a, akwai wanda ya ga na farkon, marar launi, a Damagaram?" Ba a rasa masu amsawa, sai dai ba abin da ya tambaya suke amsawa ba. A Mallawa wani Bafulatani ya ce shi bai ga na farko ba, amma wannan ɗin ma bai gamsar da shi ba. "Shanu babu tozo, ƙaho kamar na tunkiya, kuma a kan doki ake korar su a guje. Wane nono za su yi?" Wata mai fura ta ce ita da za a maimaita wurin auren kawai da ta sake biya.

A nan Mallawa ne wani tsohon soja ya taso yana buga ƙirji. Ya ce ya gani sarai, tsoho siriri, doki baƙi, an binne shi, baƙo ya tafi bai waiwayo ba. Na ji wani sanyi a raina, na fara tunanin kekena. Mato kuwa ya ƙura masa ido ya ce, "Da tsohon ya faɗi, me ke hannunsa?"

Soja ya ce, "Bindiga."

Mato ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri."

Da muka keɓe na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ga wanda zai wanke ka!" Ya ce, "Labarin da na bayar a gindin tsamiya fatake sun kai shi ko'ina, kowa na iya maimaitawa. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Wannan tausayina ya ji, ba silima ya gani ba." Daren nan ban yi masa magana ba, tsabar haushi.

Da muka iso Waca guzurinmu ya ƙare, jakin Mato ya fara ɗingishi, shi kansa ya rame. Na ce masa daga nan ni gida zan yi, ko da shi ko ba shi. Bai musa ba. Aka yi kallo, aka watse, ya miƙe ya yi tambayarsa da muryar da ta riga ta karaya. Ba wanda ya tanka. Mutane suna ta naɗe tabarmi.

Sai muka ji wata murya daga gefe: "Wannan na yau ai na yara ne. Na farkon ba a yi waƙa ba."

Wani mutum ne zaune a ƙasa, ya ba ƙyallen baya, yana tufka igiya a cinyarsa. Makaho ne. Sunansa Illa, duk Waca a wurinsa ake sayen igiya. Ashe duk lokacin da silima ta zo yakan zauna ya saurara. Na ja rigar Mato na ce mu tafi, amma ya riga ya durƙusa a gabansa.

"Malam, ka gani?"

"Na gani. Da ina karen mota a Damagaram, kafin ciwon ido ya rufe ni. Yana cikin abubuwan ƙarshe da na kalla, shi ya sa bai goge ba."

Mato ya ƙara matsawa kusa da shi. Ya ce, "Da tsohon ya faɗi, me ke hannunsa?"

Illa ya ce, "Guga. Ya ɗebo ruwa ne zai ba yaran da suka zo kashe shi, don ya ga sun sha tafiya. Gugan ya koma rijiya, igiyar ta bi shi, sululu, har ƙarshenta ya shige." Sannan ya ƙara da cewa, "Igiyar banza ce ma, tufka biyu. Amma na ji tausayin tsohon. Akwai wani ma a gabana da ya miƙe tsaye wurin binnewar ya tare mana kallo, muna ta zauna, zauna, ya ƙi."

Jama'a, tun muna yara ban taɓa ganin hawayen Mato ba sai ranar. Ya riƙe hannun makahon nan da hannu biyu. Ni ma sai na ga ƙyallen yana rawa a idona. Ko daren da Mato ya shiga ne Illa ya shiga, ko wani mai taurin kan ne daban ya tare masa, Allah kaɗai ya sani. Na tambayi Mato daga baya, ya ce, "Ban waiwaya ba, ban gani ba."

Muka ɗora Illa a kan jakina, ni tela guda na taka da ƙafa har Magarya. Ranar kasuwa Mato ya tara mutane a gindin tsamiya, har da matashin dillalin nan, ya ce Illa ya faɗi abin da ya gani. Illa ya zayyana komai tiryan-tiryan, rijiya, guga, kabari, mace a bakin ƙofa. Dillali ya sunkuyar da kai. Illa ya rufe da cewa, "Sai baƙon ya hau jan dokinsa ya tafi."

Mato ya ce, "Baƙi."

Illa ya ce, "Ja."

"Malam Illa, abin babu launi. Baƙi na gani."

"To ai shi ya sa. Baƙin doki ƙyalli yake yi a rana. Wannan duhunsa a kwance yake. Ja ne, Nasara ne bai iya nunawa ba."

"Ka ga jan?"

"Kai ka ga baƙin? Malafar baƙon ma haka ta fito, ita ma baƙa ce?"

Kasuwa ta kece da dariya, har ardo yana riƙe ciki. Sarkin kara ya share hawaye ya ce, "Shaidu biyu sun haɗu a kan mutuwar tsoho. Maganar doki kuma ku je ku ƙarata. Mato, ga bijimi can yana jiranka." Mato ya tashi ya kaɗe riga, ya zagaya san, ya duba kunne da ƙaho, ya ce, "Na gani." Baraka ta ce daren nan sai da ya nemi ƙarin tuwo.

Maganar doki kuwa ba su ƙarata ba. Duk kaka Illa yakan kawo igiya Magarya ya sauka a gidan Mato, su ci su sha, su hau gardama har Baraka ta kwashe kwanuka. Mutane suka riƙa zama suna saurare, wasu na bayan ja, wasu na bayan baƙi, alhali ko ɗaya a cikinsu bai taɓa ganin dokin ba. Silima ta sha dawowa da wasu kaboyin, Mato bai ƙara shiga ba. Ya ce shi wanda ya raka ya ishe shi.

Ranar da muka kai Mato makwancinsa kun ga jama'a. Fulani daga rugage, fatake daga ƙetaren iyaka, mahauta, dillalai, har kara ta tashi babu ciniki. Mutumin da ya sha yashin Dungas da Mallawa yana neman mutum ɗaya ya tsaya masa, ga gari guda kowa na cewa, "Na shaide shi." Ana zaman makoki aka kawo Illa daga Waca, ya tsufa tukuf. Aka zaunar da shi kusa da ni. Ya lalubo hannuna ya ce, "An raka shi da yawa?" Na ce, "Illa, ba masaka tsinke." Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Abin da yake tsoro ke nan, a rufe mutum babu kowa." Sannan ya ɗaga murya yadda duk zauren zai ji, hawaye na bin gemunsa: "Ni ma na shaida, Mato bai taɓa ƙarya ba." Sai kuma ya ce, "Amma dokin ja ne."

Na juya ina jiran a ce "Baƙi." Ba wanda ya ce.

Allah ya jiƙan bawana Mato, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi shaidar da bayinsa suka yi masa. Abin da ya yarda da shi duk rayuwarsa bai gani ba, ya Allah ka nuna masa shi da idonsa. Mu da muka rage, Allah ya ba mu masu rakiya. Amin.